MAI MOTA DA FILIN JAMA'A: INA IYAKAR HAKKINSA?



Tambayar da za mu duba a wannan fitowa ta yi kama da ƙarama, amma ta taɓa doka ta biyar da ta bakwai cikin Dokoki Goma. Ga ta: mutum ya sayi mota da halaliyarsa, mota mai ƙarfi wadda ba ta tsoron yashi ko taɓo ko dutse. Ga kuma daji a buɗe, ba shinge, ba ƙyaure, ba wanda ya rubuta sunansa a kai. Shin yana da hakkin ya bar hanya ya kutsa duk inda taya za ta iya kai shi, don shan iska ko farauta ko nuna bajinta, tun da filin na kowa ne, shi ma kuwa yana cikin kowa?

Mutane da yawa za su amsa da sauri su ce: i mana, motarsa ce, mansa ne, daji kuwa na Allah ne. Amsarmu dabam take. Mallakar mota ba ta ƙara wa mutum ko taku ɗaya a rabonsa na filin jama'a. Abin da take ƙara masa shi ne nauyin lura da rabon sauran mutane. Bari mu bi maganar daki-daki.

Ƙasar da muke magana a kanta

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991. Dukansu suna cikin Masarautar Dutse, ta fuskar Ikkilisiya kuwa suna ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin jihar, in ya zo nan sai ya ga abu dabam: duwatsu da tuddai, da koguna masu cika da damina su bar farin yashi da rani, da fadamu, da ragowar dazuzzuka a wajen iyaka da Jihar Bauchi. Irin wannan wuri shi ne ke jan hankalin mai jif da mai babur.

A Birnin Kudu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse, da kuma duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950, yanzu kuma suna hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. Cikin shanun da aka zana akwai marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yau. Wannan zane shaida ce cewa tun kafin a yi takardar fili, tun kafin a ƙera mota ta farko, akwai masu cin abinci a wannan daji.

Har wa yau haka abin yake. Daga Kangire zuwa Sundumina, daga Sara zuwa Basirka da Fagam, filin da baƙo ke gani kamar fanko ne cike yake da masu shi. Makiyayi yana bin burtali zuwa mashaya. Mace tana neman itacen girki da ganyen kuka da 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya. Yaro yana kiwon awaki a hurumin gari. Da rani kuwa akan tona yashin kogi a sami ruwan sha. Ba ɗaya daga cikinsu da ke da takarda, amma duka da wannan fili suke rayuwa.

Na kowa ne, amma yana da mai shi

Kuskuren farko shi ne ɗaukar abin da yake na kowa tamkar abin da ba shi da mai shi. Ko dokar ƙasa ba ta yarda da haka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Kafin ta, Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. A zamanin Gwamna Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, gwamnatin Jigawa ta sa ƙarfi wajen shata burtalai da makiyaya domin rage rikicin manoma da makiyaya. Al'adar gargajiya ma ta san hurumi da labi da mashaya, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwar cewa ruwa da ciyawa da wuta abubuwan tarayya ne tsakanin mutane.

Bangaskiyarmu ta ƙara zurfafa maganar. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya tuna wa Isra'ila cewa ƙasa tasa ce, su baƙi ne a cikinta. A Farawa sura 2, an sa mutum a gona domin abu biyu, ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Waliyyi Toma Akwinas ya koyar cewa mallaka halal ce, har ma tana da amfani ga zaman lafiya, amma wajen yin amfani da dukiya dole mai ita ya riƙa tunawa da bukatar wasu. Majalisar Vatikan ta Biyu ta sake jaddada wannan a 1965, cewa Allah ya nufi ƙasa da abin da ke cikinta domin dukan mutane. Waliyyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuwa ya kwatanta kowace dukiya da kayan da ke da jinginar jama'a a kansa.

To, in haka ne, mota da daji duka biyu amana ce. Motar taka ce, babu mai ƙwace maka; amma an ba ka ita ne cikin duniyar da ke da wasu mutane.

Hannu da lauje

Akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a sura 23 da ta haskaka tambayarmu ƙwarai. An yardar wa mai wucewa ta gonar maƙwabcinsa ya tsinki zangarniya da hannu ya ci, amma an hana shi sa lauje. An yardar masa ya ci 'ya'yan inabi har ya ƙoshi, amma an hana shi zubawa a kwando. Da wannan izini ne almajiran Yesu suka tsinki hatsi ran Asabar, kamar yadda Markus ya ba da labari a sura 2, kuma masu zarginsu ba su ce sun yi sata ba, kan ranar kawai suka yi gardama.

Mu lura da hikimar da ke ciki. Shari'a ta bar ƙofa a buɗe ga mai wucewa, amma ta auna rabonsa da girman hannunsa. Abin da hannu ɗaya zai tsinka gona za ta iya ɗauka, ko da mutum ɗari ne suka wuce. Da zarar an kawo lauje, ma'auni ya lalace, wucewa ta zama girbi.

Haka 'yancin shiga filin jama'a yake. Kakanninmu da suka bar daji a buɗe da sawun ƙafa suka auna shi, da kofaton jaki, da tayar amalanke. Mota irin Hilux kuwa nauyinta ya kai kusan tan 2, wato kamar ƙarti talatin a tsaye wuri guda, kuma cikin sa'a ɗaya takan ratsa abin da mai ƙafa zai wuni bai gama ba. Wanda ya ce, "Ai ni ma ina da hakkin da mai ƙafa ke da shi," sa'an nan ya shiga da irin wannan nauyi, ya zo da lauje ne a wurin da aka yi izinin hannu. Yana neman hakkinsa, sai ya ɗauki hakkin wani.

Abin da taya ke bari a baya

Mai mota ba ya ganin ɓarnarsa, domin idonsa yana gaba, ɓarnar kuwa tana baya. Taya takan danne jiƙaƙƙiyar ƙasa har ruwa ya kasa shiga. Ruwan da bai shiga ba sai ya bi sawun tayar, ya mai da shi magudana, bayan damina biyu ko uku magudana ta zama kwazazzabo. Direba na biyu yakan bi sawun na farko, yana cewa ai hanya ce. In ramin ya yi zurfi, na uku sai ya kauce gefe, haka hanyar da ba wanda ya shata za ta yi ta faɗi tana cin kunyoyin gonar talaka. Ƙananan tsiron gawo da kuka da ɗorawa, waɗanda ke bukatar shekaru kafin su zama inuwa, cikin ƙiftawar ido ake murƙushe su. A yashin kogi kuwa, baƙin man da ya ɗiga daga inji yakan gangara inda mata za su tona ruwa gobe. A wajen duwatsun tarihi, ƙura da hayaƙi da rubutun gawayi na masu son barin sunansu suna iya ɓata abin da ya daɗe ƙarnuka yana jiranmu.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi waɗannan haɗari. A ce mota ta karya shingen gona da yamma ta wuce. Da safe garke ya zo ya ga kafa, ya shiga. Mai gona ya tarar da shanu cikin geronsa, bai ga motar ba. Wa zai kama? Kowa a ƙasar nan ya san yadda gardama kan zangarniya goma kan kai ga zub da jini. Mai motar yana can birni yana nuna wa abokansa hotuna, wutar da ya kunna kuwa tana cin wasu. Mu Kirista da muke 'yan kaɗan a wannan yanki, waɗanda zaman lafiyarmu ya rataya ga amincin maƙwabta, mun fi kowa sanin tsadar irin wannan wuta.

Darasi daga hamada

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ƙarshen wannan hali. A hamadar Tenere, gabas da Agadas, an yi wata bishiya ƙwaya ɗaya tak kusa da rijiya, ba wata bishiya kusa da ita tsawon tafiya mai nisa. Ayarin raƙuma masu fataucin gishiri sun yi zamani suna wucewa ta wurin, ba wanda ya sare ta don wuta, domin sun ɗauke ta alamar hanya ta kowa. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuwa an kafa bishiyar ƙarfe. Duk faɗin hamada bai ishi direba ɗaya ya kauce wa bishiya ɗaya ba.

Haka kuma tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya yi shekaru yana ratsa Nijar da Mali da wasu ƙasashen yankin. Masu tsere sun mutu, amma mutanen ƙauye ma sun mutu, har da yara, waɗanda ba wanda ya tambaye su ko suna son wasan. A 1988 jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren, tana ganinsa nunin ƙarfi da dukiya a gaban masu fama da yunwa da ƙishi. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga 2009 aka mai da shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Ba mu da irin wannan tsere a Gwaram, amma zuciyar da ke ganin ƙasar talaka filin wasa ce takan shiga ko da mai babur ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu saurari mai mota

Adalci ya bukaci mu ji ta bakin wanda muke magana a kansa, gama yana da hujjoji masu nauyi.

Hujja ta farko ita ce lalacewar hanya. Zai ce: "In damina ta yanke hanya, ga mace tana naƙuda za a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in tsaya ina lissafin kunyoyi?" A'a, kada ka tsaya. Rai ya fi gero, kuma Ikkilisiya ta daɗe tana koyar cewa cikin matsananciyar bukata shingen mallaka yakan sassauta. Haka yake ga Fada mai kai wa majiyyaci shafewa ta ƙarshe. Amma larura ba ta share bashi. In an ceci rai, sai a komo a nemi mai gona, a ba shi haƙuri, a biya. Kuma larurar mai naƙuda ba za ta zama lasisin mai zuwa yawon Kirsimeti ba.

Hujja ta biyu ita ce hutu. Zai ce: "Shin laifi ne ma'aikaci ya fita daga hayaniyar Kano ko Dutse ya ga ikon Allah?" Ko kusa. Yesu da kansa ya kira almajiransa su keɓe su ɗan huta, kamar yadda yake a Markus sura 6. Muna ma so iyaye su kai 'ya'yansu su ga zanen Dutsen Mesa, gama wanda bai san gādonsa ba, ba zai kiyaye shi ba. Sai dai abin da aka je gani ana iya ganinsa in an ajiye mota inda hanya ta ƙare aka taka da ƙafa. A gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa baƙi a 1962, masu yawon buɗe ido tare da ja-gora suke shiga, kuma ba wanda ya ce an tauye musu 'yanci. In jin daɗin ba ya cika sai an taka totur an ta da ƙura a kan mutane, to, ba ikon Allah aka je gani ba, nasa ikon mutum ya je nunawa.

Hujja ta uku ita ce: "Shanu ma suna ɓarna, masu tifa suna kwashe yashi, masu gawayi suna sare daji, don me sai ni?" Gaskiya ne, kuma kowannensu zai amsa nasa. Amma laifin wani bai taɓa wanke wani ba. Ƙari ga haka, makiyayi da mai itace abinci suke nema, mai yawo kuwa nishaɗi yake nema. Annabi Natan ya nuna wa Sarki Dawuda munin mai garke da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci don ya yi wa baƙonsa liyafa. Gonar kadada ɗaya ita ce 'yar tunkiyar mai ita.

Abin da ya kamata mu yi

Katekisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bayyana abu biyu a fili. A ƙarƙashin doka ta biyar, ya ɗora babban laifi a kan wanda son gudu ko maye ya sa ya jefa ransa da na wasu cikin haɗari. A ƙarƙashin doka ta bakwai, ya ce lalata dukiyar mutum ko ta jama'a da gangan saɓo ne da ke bukatar ramuwa. A 2007 fadar Vatikan ta fitar da jagora ta musamman ga masu tuƙi, inda ta gargaɗe su kada mota ta zama abin nuna iko a kan wasu. Marigayi Paparoma Faransis kuma, a wasiƙarsa ta 2015 kan kula da duniya, ya haɗa kukan ƙasa da kukan matalauta wuri guda. Saboda haka wannan magana ta shiga cikin abin da Kirista zai binciki zuciyarsa a kai kafin ya je furta zunubi.

Ga abin da muke roƙo. Mai mota da mai babur su bi hanyar da aka riga aka shata, ko da ta fi nisa; hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wanda ya je baƙon wuri ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, ya tambayi inda burtali yake da inda ake ɗiban ruwa. Kada a shiga fadama ko gona da damina sai don ceton rai. In an haɗu da garke ko jaki ko mai kaya a ka, mai inji ne zai tsaya, gama shi ne mai birki. In an yi ɓarna, a biya kafin a nema, kamar yadda Fitowa sura 22 ta umarci wanda dabbarsa ta ci gonar wani ya rama da mafi kyawun amfanin gonarsa, kamar kuma yadda Zakka ya yi ran da Yesu ya shiga gidansa.

Wannan gargaɗi ya haɗa da motocin Ikkilisiya. Motar Fada, da babur ɗin katikis, da bas ɗin Zumuntar Mata da na matasa masu zuwa taro, duka ƙauyawa sun san su, kuma da su suke auna mu. Shugabannin matasa su hana wasan mota da babur a filayen makaranta da na gari lokacin biki. Iyaye kuma, kafin ku miƙa wa ɗa makulli, ku koya masa cewa ikon zuwa wuri dabam ne da izinin zuwa.

Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Raɓa takan sauka da dare ta jiƙa ganye, rana ta fito ta tafi, ba ta karya ko kara ɗaya ba. Dukanmu baƙi ne a ƙasar Allah, mai jif da mai jaki. Ubangiji ya ba mu zuciyar riƙon amana, ya kiyaye matafiya, ya albarkaci gonaki da garkuna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.